Allo a gida, manhajar waya, malamin lesin ko kulob: wace hanya ta dace da yaron da ke son koyon ces a Bauchi?

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da ɗan Najeriya Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York ya shafe sa'o'i 60 yana buga ces, wato wasan allon nan na mutum biyu da ake kira chess da Turanci, hotunansa kuma suka cika wayoyin jama'a, wasan ya daina zama abin da ake gani a hannun ɗaliban jami'a kaɗai. Yanzu ba abin mamaki ba ne yaro ɗan shekara takwas a Fadaman Mada ko Yelwan Tudu ya dawo daga makaranta ya ce a saya masa allon wasan, ko yarinya ta karɓi wayar mahaifiyarta da sunan aikin gida, a leƙa a tarar tana kora doki da giwa na wasan ces. Daga nan shawarwari suke fara yawa. Wani ya ce a sauke masa manhaja tunda kyauta ce, wani ya ce a nemi ɗan jami'a ya riƙa zuwa gida yana yi masa lesin, wani kuma ya ce a ƙyale shi da abokansa, kamar yadda aka ƙyale mu da darar gurbi a gindin darbejiya har muka iya ba tare da malami ba. Na yi wannan rubutu ne domin uba ko uwar da suka tsaya a tsakanin waɗannan hanyoyi, kuɗinsu daidai gwargwado, lokacinsu kaɗan, kuma ba sa son zuba ruwa a rariya.

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan a gidan Musulmi, kuma bai kamata a yi kamar ba a san da ita ba. Ces shi ne wasan da malamanmu suka sani a littattafan fiƙihu da sunan shaɗaranji. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta tsananta a kansa, domin an ruwaito Imam Malik yana cewa babu alheri a cikinsa, yayin da mashahurin ra'ayin Shafi'iyya ya tsaya a kan karhanci muddin babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Yanke hukunci ba fagena ba ne, magidanci ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa. Abin da zai biyo baya na wanda ya riga ya gama da wannan tambayar ne.

Ma'aunan da za a ɗora kowace hanya a kai

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin ranar farko kaɗai ba. Abin da ake biya sau ɗaya daban yake da abin da ake biya duk wata, kuma hanyar da ake kira kyauta tana iya cin data, caji da wayar da ta faɗi ta fashe. Na biyu ɗorewa: shin wannan tsari zai kai shekara guda yana tafiya, ya tsallake jarrabawar zango, azumi, hutun Salla da ɗauke wuta? Na uku sauƙi, wanda a wajenmu ma'anarsa lokaci ne da zirga-zirga, domin yaron da ya taso daga boko da azahar, ya wuce Islamiyya da la'asar, ya je tahfiz safiyar Asabar da Lahadi, ba shi da sarari mai yawa in ban da yammacin Alhamis da Juma'a da ɗan abin da ke tsakanin magariba da barci. Na huɗu haɗari, tun daga baƙin da yaro zai haɗu da su a intanet har zuwa karyewar zuciyar da kan sa shi jefar da wasan.

Ma'auni na biyar shi ne wanda na fi bai wa nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi: idan yaron ya sha kashi, wa zai zauna da shi ya mayar da 'ya'yan wasan gidajensu, su bi takun ɗaya bayan ɗaya har su gano inda dara ta ci gida? Koyon ƙa'idojin ces aikin makonni kaɗan ne. Ƙwarewa kuwa tana zuwa ne daga abu uku, wato abokin karawa da ya ɗan fi yaron ƙarfi, wasa mai tsawo da ke ba shi damar tunani, da kuma bitar wasan da ya faɗi. Duk hanyar da ba ta samar da waɗannan ba za ta cika wa yaro lokaci ne kawai, ya shekara biyu yana maimaita kuskure ɗaya.

Akwai kuma ma'aunin da nake ba da shawarar a ajiye shi gefe. Ana yawan tallata wasan da cewa yana ƙara wa yaro maki a lissafi. A Ingila an gwada wannan: gidauniyar Education Endowment Foundation ta fitar da sakamakon bincike a 2016 a kan makarantun firamare 100 da yara kimanin 4,000, inda aka koyar da rabinsu ces na tsawon sa'o'i 30, kuma da aka duba jarrabawarsu ta lissafi bayan shekara guda ba a ga sun fi sauran ba. Wasan yana koya wa yaro zama wuri ɗaya, da duba abin da abokin hamayya ke nufi kafin ya miƙa hannu, da ɗaukar alhakin kuskurensa. Wannan ma ya isa dalili. Amma wanda matsalarsa jadawalin sau ce, malamin lissafi zai nema.

Abin da babu makawa sai an saya

Ko wace hanya aka zaɓa, allo na zahiri da littafin rubutu su ne tushe. Allon yana da gidaje 64, 'ya'yan wasa 32, kowane ɓangare 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu da dakaru takwas. Iri uku aka fi samu. Na roba mai naɗewa kamar tabarma, tare da 'ya'yan roba masu ɗan nauyi, shi ne irin wanda ake gasa da shi, yana jure ƙura da zubewar kunu, ana goge shi da tsumma, kuma shi na fi so wa yaro. Na katako mai ninkewa ya fi kyan gani kuma yakan fi tsada, amma maƙalarsa kan saki, kan doki kuma kan ɓalle. Ƙaramin nan mai maganaɗisu ya fi araha, ya dace da tafiya a mota zuwa Azare ko Gombe, sai dai 'ya'yansa ƙanana ne ƙwarai, suna ɓata cikin mako, kuma haɗari ne a gidan da ke da mai rarrafe. Na gilashi kuwa na adon falo ne.

Ma'aunin Hukumar Ces ta Duniya, FIDE, shi ne faɗin kowane gida ya kasance tsakanin santimita 5 zuwa 6, tsayin sarki kuma kimanin santimita 9.5. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a duba cewa gefen allon yana ɗauke da haruffa daga a zuwa h da lambobi daga 1 zuwa 8, domin da su ne yaro zai koyi rubuta takunsa, kuma sai da rubutun nan bita take yiwuwa. A tambaya a shagunan kayan wasanni da na littattafai a wajejen Wunti da babbar kasuwa, in ba a dace ba a ba da sautu Jos ko Kano. Kafin ya iso, kwali da biro da murafun kwalba sun isa a fara.

Hanya ta farko: koyarwa a gida

Wannan ce mafi araha, domin bayan allo babu wani abin biya, kuma babu kuɗin keke. Ba dole ne uba ko uwa su kasance sun iya wasan ba. Babba yana iya koyon yadda kowane ɗa ke tafiya cikin 'yan kwanaki ya riƙa gaban yaron da taku ɗaya, kuma yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai ya fi sakin jiki da wanda ya sani a kan baƙo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jera duka 'ya'ya 32 a ranar farko a ce a fara. Tsarin koyarwa na mataki-mataki da aka ƙirƙiro a ƙasar Holan a 1987, wanda makarantu da yawa a Turai ke bi, yana jinkirta maganar kashe sarki, wato kai masa harin da ba shi da mafita, wanda da shi ake cin wasan, har sai yaro ya saba da tafiya, ci da kariya. Ana iya kwaikwayon wannan a gida. A fara da dakaru kaɗai, takwas da takwas, wanda ya riga kai nasa ƙarshen allo ya ci. Bayan kwana biyu a ƙara hasumiya, sannan giwa, sannan sarauniya, a bar doki a ƙarshe saboda tsallensa ne ya fi rikita yara. Daga nan a koya masa darajar kowanne, dakare 1, doki da giwa 3 kowannensu, hasumiya 5, sarauniya 9, don ya daina ba da saniya a karɓi akuya. Minti goma sha biyar bayan magariba sau huɗu a mako ya fi sa'o'i biyu a ranar Lahadi.

Ta fuskar ɗorewa, hanyar tana da rufin da ba ta wucewa. Yaro mai sha'awa yakan kamo mahaifinsa cikin watanni, kuma daga ranar da ya fara cin kowa a gidan ya daina ƙaruwa. Ana yawan kawo misalin 'yan'uwa mata uku na gidan Polgar a ƙasar Hangari, waɗanda mahaifinsu ya koyar a gida har ƙaramarsu Judit ta zama babbar gwana ta duniya a 1991 tana da shekara 15. Gaskiya ne, amma wannan mahaifi ya mayar da abin aikin rayuwarsa, ya kuma ɗauko ƙwararru suna zuwa gidan. Ba misalin ma'aikacin da ke dawowa daga sakatariya a gajiye ba ne.

Haɗarinta biyu ne. Na farko gadon ƙa'idojin da ba daidai ba: a juya allo ba yadda ya kamata ba, alhali farin gida ne ya kamata ya kasance a kusurwar hannun dama ta kowane ɗan wasa, a sauya wa sarki da sarauniya wuri, alhali sarauniya tana farawa ne a gida mai launinta, ko a ɗauka wanda ya toshe sarkin abokinsa ya hana shi motsi ba tare da hari a kansa ba ya ci wasa, alhali wannan kunnen doki ne. Na biyu halin uban kansa. Akwai wanda ba ya jure yaro ya ci shi, akwai kuma wanda kullum yake sakar masa da gangan, dukansu biyu suna cutar da shi. Mafita mai kyau ita ce babba ya cire sarauniyarsa ko hasumiya tun farko, sannan ya buga da gaske.

Hanya ta biyu: manhajar waya

A nan ne ya kamata a daɗe, domin ita ce hanyar da akasarin gidaje za su faɗa ko sun shirya ko ba su shirya ba. Sunaye uku ne suka fi shahara. Lichess, wadda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, kyauta ce gaba ɗayanta, babu talla, babu sashen da aka kulle sai an biya, kuma tana da darussan masu farawa, dubban matsalolin warwarewa da injin da ke nuna inda aka yi kuskure. Tana da tsarin yara wanda idan aka kunna shi yake rufe hira da saƙonni, ba ya kuma kashewa sai da kalmar sirri. Chess.com ta fi yawan jama'a da darussan bidiyo, amma wanda bai biya ba yana ganin talla, kuma an taƙaita masa yawan matsaloli da bitar da zai yi a rana. ChessKid, wadda ita ma ta kamfanin Chess.com ce, an gina ta ne musamman domin yara, da zane-zane masu jan hankali da takunkumi a kan hira, sai dai mafi yawan darussanta na masu biyan kuɗin rajista ne, kuma da Turanci ake bayaninsu. Ga gidan da ke lissafin kowace naira, Lichess da tsarin yara a kunne ta wadatar.

Buga wasan kansa ba ya cin data sosai, bidiyoyin YouTube ne suke cinye ta. Ta fuskar sauƙi babu hanyar da ta kai wannan, tunda abokin karawa yana nan dare da rana, kuma manhajar tana haɗa yaro da wanda ƙarfinsu ya zo kusa. Wannan babban alheri ne ga yaron da ke Ningi ko Dass wanda wataƙila babu wani mai buga wasan a unguwarsu. Ɗorewarta kuwa ta rataya ne a kan wayar wani: idan wayar uwa ce, duk kiran da ya shigo ko ɗaukewar sabis a tsakiyar wasa asara ce a kan yaron, kuma ranar da babu wuta babu darasi.

Matsalar da ta fi damuna ba ta baƙi ba ce, tunda wannan ana toshe ta da maɓalli ɗaya. Matsalar ita ce gaggawa. Manhajojin nan suna ba da wasan minti ɗaya da na minti uku, kuma yaron da aka bari shi kaɗai kusan kullum can zai nufa, domin yana gamawa ya danna sabo, ya buga ashirin a zama ɗaya bai tsaya ya duba ko ɗaya ba. Hannunsa yana koyon sauri, kansa bai koyi komai ba. Yakan kuma kamu da tarkon nan na kashe sarki cikin taku huɗu da sarauniya da giwa, ya ci masu farawa da shi har ya ɗauka ya iya, sai ranar da ya gamu da wanda ya san maganinsa ya rasa abin yi. Idan za a bi wannan hanya, a kafa doka tun farko: kada wasa ya gaza minti goma sha biyar ga kowane ɓangare, kada ya wuce biyu a rana, sai an warware matsaloli biyar zuwa goma kafin a fara, kuma duk matsalar da ta yi wuya a jera ta a kan allon zahiri a yi tunaninta da hannu a aljihu.

Sai maganar injin. Yana da daɗi a danna a ga inda aka kuskure, amma injin yana faɗin takun da ya fi ne kawai, ba ya faɗin dalili da harshen da ɗan shekara tara zai gane. Gukesh na Indiya, wanda ya zama zakaran duniya a Singafo a watan Disambar 2024 yana da shekara 18, ya taso ne a hannun kocin da ya nisanta shi daga injin har sai da ya kai matakin babban gwani, don ya saba da lissafi da kansa. A kuma gargaɗi yaro cewa buɗe injin a gefe yana satar amsa a lokacin wasa ha'inci ne, kuma shafukan nan suna rufe asusun wanda suka kama.

Hanya ta uku: malamin lesin

Wannan ce ta fi tsada, kuma ita ce ta fi amsa ma'auni na biyar idan an dace da mutum. Lissafin a bayyane yake: zama biyu a mako zama takwas ne a wata, kusan ɗari a shekara, don haka duk abin da aka yi ciniki a kan zama ɗaya a ninka shi ɗari kafin a ce an amince, a kuma tambaya ko kuɗin abin hawansa yana ciki. Masu iya wasan a garin nan an fi samunsu a cikin ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, tunda ces yana cikin wasannin da jami'o'in Najeriya ke gasa a kansu, sai kuma masu yi wa ƙasa hidima. A nan ne raunin ɗorewa yake. Mai hidimar ƙasa shekara ɗaya gare shi daga ranar da ya shiga sansanin Wailo, ɗalibi kuma yana da jarrabawa, hutu da ranar kammalawa. A tambayi mutum tun farko wata nawa ya rage masa a gari.

Iya wasa daban, iya koyarwa daban. Wanda ya ce yana da maki na duniya, wato lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, ana iya rubuta sunansa a shafin FIDE a gani, domin jerin a buɗe yake ga kowa, kuma mafi ƙarancin makin da hukumar ke bugawa tun watan Maris na 2024 shi ne 1400. Wanda ya ambaci makin intanet kuwa a sani cewa ma'aunin daban ne. A Lichess duk sabon shiga da 1500 yake farawa, don haka wannan lamba ita kaɗai ba shaidar komai ba ce. Amma gwajin da ya fi duk waɗannan shi ne uba ya zauna a darasin farko ya saurara. Malamin da ya fi yaron yawan magana, ko ya fara da haddar sunayen buɗe wasa, ko ya shafe sa'ar yana cin yaron yana dariya, ba shi ake nema ba. Na ƙwarai yakan ce wa yaro ya kawo littafinsa, ya jera wasan da ya faɗi, ya tsaya a wani taku ya tambaye shi abin da yake tunani a lokacin, ya koya masa kashe sarki ta amfani da sarauniya ko hasumiya ɗaya kafin komai, ya nuna masa yadda doki ke kai hari biyu a tsalle ɗaya da yadda giwa ke turke ɗa a gaban sarkinsa, sannan ya bar masa aikin gida. Idan yana iya yin wannan bayani da Hausa ga yaron da Turancinsa bai nuna ba, darajarsa ta ninka.

Haɗarin da ke nan irin na kowane lesin ne. Darasi ya kasance a falo ko zaure inda ake shiga ana fita, ba a ɗaki a rufe ba, ga namiji da mace duka. Akwai kuma dabarar da ke rage tsada ta ƙara amfani: maƙwabta uku ko huɗu su haɗa 'ya'yansu su raba kuɗin, yaran su samu malami su kuma samu abokan karawa a tsakanin darasi da darasi.

Hanya ta huɗu: kulob ko taron yara

Tunde Onakoya a shagon aski ya fara ganin wasan a Ikorodu, kuma shirin da ya kafa a 2018 don yaran unguwannin talakawa na Legas da tara yara wuri ɗaya ya fara. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Najeriya a 2017, a kulob ɗin makarantar firamare ya koya a New York, kuma cikin kimanin shekara guda, a watan Maris na 2019, ya lashe gasar jihar ta ajinsa yana ɗan shekara takwas, iyalinsa suna zaune a gidan marasa matsuguni. Akwai abin da taro ke koyarwa wanda waya ba ta iyawa: ƙa'idar cewa ɗan da ka taɓa shi za ka motsa, zama gaban agogo, miƙa wa wanda ya ci ka hannu a gaban mutane, da dawowa mako mai zuwa da niyyar ramawa. Yaro yana jure shan kashi a hannun sa'ansa fiye da a hannun babba, kuma kishin da ke tsakanin abokai yana sa shi yin atisayen da iyaye ba za su iya tilasta masa ba.

Kuɗinta kaɗan ne, galibi na zirga-zirga da ɗan abin da makaranta ta sa. Wahalar ita ce samuwa, domin ba kowace makaranta ke da kulob ba, kuma inda yake akwai yakan rataya ne a wuyan malami ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki allunan su koma cikin kabad. A fara tambaya a makarantar yaron, sannan a hukumar wasanni ta jiha, wadda ta nan ne ake bi zuwa gasannin ƙasa irin su wasannin matasa. In duk babu, kafa ƙarami ba abu ne mai wuya ba: allo huɗu sun ɗauki yara takwas, tabarma biyu da zauren wani dattijo da yammacin Alhamis sun isa. Abin kiyayewa shi ne majalisar manya inda ake sa kuɗi a kan wasa, wadda ba wurin yaro ba ce ko da gwanaye ne ke zama a cikinta. Kuma a taro mai yawa malami ba ya samun sararin bin wasan kowane yaro, don haka mai kunya yana iya ɓacewa a baya.

Hanya ta biyar: koci ta intanet

Ba zan tsawaita a kanta ba, domin ba ta mai farawa ba ce. Tana buɗe ƙofa zuwa ƙwararrun Legas, Abuja ko ƙasashen waje, amma tana bukatar kwamfuta ko babbar waya, sabis mai ƙarfi na sa'a guda cur, wutar da ba za ta yanke ba da Turancin da yaro ke ji sosai, kuma na waje da dala ake biyansu. Kada a biya kuɗin watanni a dunƙule ga wanda ba a gwada ba.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Bitar wasan da aka faɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Gida | Allo kawai, sau ɗaya | Har yaro ya fi na gida | Babu fita | Ƙa'ida mara daidai, fushin uba | Gwargwadon sanin uba |
| Manhaja | Data da caji, ko rajista | Muddin akwai waya da wuta | Mafi sauƙi | Gaggawa, satar amsa, daɗewa a waya | Inji, ba bayani |
| Malamin lesin | Mai yawa, duk wata | Har malamin ya bar gari | Sai an tsara lokaci | Gwani mara iya koyarwa | Mafi kyau |
| Kulob | Kaɗan | Ya dogara da mai riƙe da shi | Akwai zirga-zirga | Rushewa, majalisar caca | Kaɗan, tsakanin abokai |
| Koci ta intanet | Mafi yawa | Ya dogara da sabis | Sai da kayan aiki | Biyan wanda ba a sani ba | Mai kyau ga wanda ya yi nisa |

Wace ta dace da wa

Yaro ɗan shekara biyar zuwa bakwai wanda bai san tafiyar doki ba, gida ya dace da shi, da allon roba da wasan dakaru. Ɗaukar masa malami a wannan mataki biyan kuɗi ne a kan abin da yayarsa za ta iya nuna masa, waya kuma lokacinta bai yi masa ba tukuna.

Wanda ya kai takwas zuwa goma sha biyu, ya san ƙa'idoji, ya fara cin mutanen gida, abokan karawa yake bukata kafin komai. Idan akwai kulob a makarantarsu a sa shi, a haɗa masa da matsalolin Lichess na minti goma sha biyar a rana. Idan babu, a tara yaran maƙwabta.

Gidan da ke wajen gari, ko inda babu wani mai buga wasan kusa, manhaja ce mafita, amma da tsarin yara a kunne, da dokar wasa mai tsawo, da littafin da zai riƙa kwafe wasa ɗaya da ya faɗi kowane mako ya jera shi a allo a gaban wani babba, ko da babban bai iya ba, domin bayyana wa wani dalilin taku yana sa yaro ya ji kuskurensa da kunnensa. Haka ma yarinyar da iyayenta ba su son ta riƙa fita: gida da manhaja, in da hali a ƙara da ɗaliba mace daga jami'a tana zuwa sau ɗaya a mako.

Yaron da ya shafe wata shida yana ɗauko allo da kansa ba tare da an tuna masa ba, yana cin sa'o'insa, yana kuma tambayar abin da babu mai amsa masa a gida, shi ne ya cancanci kuɗin malamin lesin, kuma zama ɗaya a mako tare da aikin gida ya ishe shi a farko. Idan aljihu bai kai ba, a raba malamin da gida biyu ko uku.

Koci ta intanet kuwa a ajiye shi ga wanda ya riga ya buga gasa a zahiri, ya rubuta wasanninsa, malaminsa na gari kuma ya faɗa da bakinsa cewa yaron ya kamo shi.